Shawarwari a Zaure: Tarihin Waɗanne Marubuta Zan Fara Ba Ɗalibaina?

Malamar Hausa: Assalamu alaikum jama'ar zaure, barkanmu da war haka. Shawara nake nema. Na haɗa wata 'yar ƙungiyar karatu ta 'yan aji biyar a makarantar da nake koyarwa, muna zama ranar Alhamis bayan an tashi. Yaran nan sun haddace sunayen littattafai saboda jarrabawa, amma ka tambaye su wane ne mai littafin, a ina ya tashi, me ya sha a duniya, sai su yi maka zuru. Wata ma cewa ta yi Abubakar Imam limamin Juma'a ne. Ina so zangon nan mu bi rayuwar mutanen su kansu, marubuta da mawaƙa da masana tarihi. Da wa zan fara, kuma a wane littafi zan sami abin dogaro? Aljihun dai na malamin makaranta ne, kada a haɗa ni da abin da sai an aiko daga Landan.

Tsohon Hedimasta: Wa alaikumus salam. Allah ya yi miki albarka 'yata, wannan shi ne aiki. Tun da yarinyar ta naɗa Imam limanci, sai ki fara da shi ki warware mata. A Kagara aka haife shi a 1911, Kagara ta jihar Neja ta yanzu. Ya yi Kwalejin Katsina, kuma yana koyarwa a Midil ta Katsina aka yi gasar nan ta 1933 wadda Rupert East na ofishin fassara na Zariya ya shirya. Yana ɗan shekara 22 ya rubuta Ruwan Bagaja. In kin zo nan ki dakata, ki dubi yaranki, ki ce musu bai fi shekara biyar ko shida ya ba su ba. Daga baya East ya nemi a ba shi aronsa zuwa Zariya, ya jibge masa littattafan hikayoyin Larabawa da na Turawa da na Indiya, shi kuwa ya narka su ya juye a tukunyar Hausa, aka sami Magana Jari Ce littafi uku. A Janairun 1939 aka fara buga Gaskiya Ta Fi Kwabo, shi ne editanta na Hausa na farko. A 1943, ana tsakiyar yaƙin duniya, ya tafi Ingila cikin ayarin 'yan jaridun Afirka ta Yamma, har da Azikiwe a tafiyar, ya dawo ya rubuta Tafiya Mabuɗin Ilmi. Ya rasu a 1981. Akwai tarihinsa daga bakinsa wanda Abdurrahman Mora ya tsara aka buga a 1989, da Turanci ne amma mai sauƙi, ina da shi.

Abin da ke burge yara kuma shi ne su ji su wa suka shiga gasar. Mai Ganɗoki, Bello Kagara, yayan Imam ne. Mai Shaihu Umar kuwa wani malamin makaranta ne daga Bauchi da ya zo ya zama Firayim Minista, Abubakar Tafawa Ɓalewa.

Bazazzagi: Jama'a a lura fa, duk abin kirkin da Baba ya lissafa a Zariya aka yi shi. Mu ne masu rubutawa da bugawa, Kanawa sai dai su kasa a tire.

Mai Shagon Littattafai: To ai in ba mu kasa ba asu ne zai cinye muku shi a sito. Malama, rabu da shi. In littafi ɗaya tak kuɗinki zai saya, sayi Hausa a Rubuce na marigayi Farfesa Ibrahim Yaro Yahaya, bugun 1988. Ya ɗauko zancen tun daga ajami da malaman Katsina irin su Ɗan Marina da Ɗan Masani, ya biyo ta masu jihadi, ya zo kan Turawan mishan da na mulki, hukumar buga littattafai ta Arewa wato NORLA, har zuwa kamfanin buga littattafai na NNPC na Zariya da aka kafa a 1966. Kusan duk wanda za a ambata miki a zauren nan za ki tarar da shi a ciki, ko da a sakin layi ɗaya ne. Amma ki buɗe ido wajen saye. Akwai na gurzawa da ke yawo a kasuwa, bangon ya yi sheƙi, cikin kuwa hoton tsohon bugu ne aka ɗauka. Ki ɗaga shafi ki duba ƙugiyar ƙ da ɗ, in kin ga sun dushe sun zama k da d, ajiye shi. Ki kuma bi lambar shafi da yatsa, an taɓa kawo mini wani kwali da shafuka suka yi tsalle a tsakiya, babi guda babu shi.

Hajiya Basakkwata: Baba, a gafarce ni, amma ban yarda a fara da 1933 ba. In anka yi haka yara za su ɗauka rubutu da Bature ya zo mana. Shekara ɗari kafin gasar East wata mace tana zaune a Sakkwato tana rubutu da harshe uku, Larabci da Fulatanci da Hausa. Nana Asma'u 'yar Shehu, an haife ta a 1793, ta rasu a 1864, kabarinta na nan Hubbare kusa da na mahaifinta. Tana yarinya ƙarama anka yi hijira zuwa Gudu a 1804, yunwa da gudu da yaƙi duk da ita anka sha su. Abin da ya saura na rubutunta ya wuce 60. Kuma ba rubutawa ta yi ta ajiye ba. Ta naɗa mata dattijai da ake kira jaji, ta ba kowace malfa da jan rawani, su ke jagorantar matan ƙauye su taho wurinta, su koyi waƙoƙin su koma su koyar. Su ne 'Yan Taru. Malama, 'yan matan ajinki suna bukatar su ji wannan kafin su ji labarin akun Magana Jari Ce.

Tsohon Hedimasta: Hajiya ba ki faɗi ƙarya ba. Ni dai na san yaro, ta inda ya sani ake kama shi a ja shi inda bai sani ba.

Ɗalibin Tarihi: Ranka ya daɗe, ni ina bayan Hajiya, amma da wani dalili daban. Rayuwar mutanen jihadi tana da abin da ke riƙe matashi, in an ba da ita yadda take ba a wanke ta ba. Dubi Malam Abdullahi na Gwandu. Mutumin da ya ja runduna a Tafkin Kwatto, ana cikin samun nasara sai ya ga jama'a sun fara karkata ga ganima da mulki, ransa ya ɓaci, ya bar su ya nufi gabas da niyyar Makka. A Kano aka tare shi aka roƙe shi ya tsaya, nan ya rubuta musu Liya'ul Hukkami kan yadda ake mulki da shari'a, sannan ya koma. Shi da kansa ya ba da labarin ɓacin ran nan a Tazyinul Waraƙati, cikin waƙoƙinsa. Sai Muhammadu Bello da Infaƙul Maisuri na 1812. Abin da nake so da littafin nan, Bello ya kawo wasiƙun Shehu Laminu na Borno da ke tuhumarsu kan dalilin yaƙar Musulmi 'yan'uwansu, ya kawo amsar da aka mayar. Wato hujjar abokin gaba tana nan a cikin littafin mai nasara. A raba aji biyu, wasu su ɗauki Borno wasu su ɗauki Sakkwato, za ki ga yadda Alhamis za ta yi zafi.

Babarbare: Madalla da aka tuna da iyayen gidan Fulani. A ƙara da cewa tun wajen 1576 Imam Ahmad ɗan Furtuwa ya rubuta tarihin yaƙe-yaƙen Mai Idris Alauma. Lokacin su Hajiya suna bin saniya.

Hajiya Basakkwata: Kai dai bawa ba ya rasa bakin magana. Nonon saniyar ne ya raine ka.

Malamar Hausa: Kun sa ni dariya a ɗakin malamai har ana kallona. Amma Hajiya, ga matsalata: yawancin waɗannan da Larabci suke, yarana kuwa Hausar boko ma da ƙyar wasu ke haɗa ta. Me zan riƙa a hannu in shiga aji da shi?

Hajiya Basakkwata: Ki shiga da waƙa, ƙanwata. Tabbat Haƙiƙa Shehu ya yi ta da Fulatanci, Nana ta mai da ita Hausa, kuma har yau akwai tsofaffin da ke rera ta. Akwai Waƙar Gewaye, wadda ke bin sawun Shehu da jama'arsa wuri bayan wuri, ita kanta darasin tarihi ce. Don tarihin Nana kuwa, aikin Jean Boyd za ki nema, Baturiyar da ta daɗe ƙwarai a Sakkwato. Littafinta The Caliph's Sister ya fito a 1989, sannan ita da Beverly Mack sunka tattara rubuce-rubucen Nana a babban kundi a 1997. Kundin yana da tsada, sai dai ɗakin karatu na jami'a, amma ciki akwai matanin Hausar, kina iya kwafe baitocin da kike so da hannu.

Kuma duk wannan bai samu ba sai da Waziri Junaidu ya buɗe taskar gidansu. Shi jinin Nana ne da mijinta Waziri Giɗaɗo. An haife shi a 1906, ya zama Waziri a 1948, ya rasu a 1997, kuma shi ya rubuta Tarihin Fulani da Hausa. Baturen masanin tarihi Murray Last ma a wurinsa ya zauna kafin ya fitar da littafinsa kan daular Sakkwato a 1967. In Allah ya kawo ki Sakkwato ki je hukumar tarihi da anka sa wa sunansa. Ki ga yadda littafin zamanin da yake: warƙa-warƙa ne ba ɗinki, a cikin gafaka ta fata, tawada baƙa da ja, kuma a ƙasan kowace warƙa an rubuta kalmar farko ta warƙa mai zuwa don kada su rikice in iska ta watsa su. Ko hoton warƙa ɗaya kika nuna wa yara ya isa su san abin da ake nufi da rubutu kafin inji.

Sha'irin Zaure: Ina ta jira a zo kan mawaƙan ƙarni na 20, na ga ana neman a tsallake mu. Malama, in kina son rayuwar da za ta sa yaro ya zauna daram, ba shi Sa'adu Zungur. Ɗan malamai ne daga Bauchi, ya yi karatun addini mai zurfi, ya yi Kwalejin Katsina, shi ne ɗan Arewa na farko da ya shiga babbar kwalejin Yaba a Ikko. A Bauchi suka riƙa zaman muhawara da su Malam Aminu Kano da Tafawa Ɓalewa har hukuma ta tsargu. Ya riƙe sakataren jam'iyyar NCNC a 1948. Ya yi Maraba da Soja don sojojin da suka dawo daga yaƙin duniya na biyu, ya yi Waƙar Bidi'a, ya yi Arewa Jumhuriya ko Mulukiya, inda ya gargaɗi sarakuna su gyara kafin zamani ya gyara su. Ya daɗe yana jinya, ya rasu a 1958 yana ɗan shekara arba'in da 'yan kai, ko 'yancin kan da ya yi wa wahala bai gani ba. Kuma ga abin da kike nema daidai: Malam Aminu Kano ya rubuta tarihinsa da Hausa, Rayuwar Ahmad Mahmud Sa'adu Zungur, ɗan ƙaramin littafi ne. Ɗandatti Abdulƙadir kuma ya fitar da waƙoƙinsa da sharhi a 1974.

Ki haɗa shi da Mudi Sipikin, wanda ya mayar masa da martani da Arewa Jumhuriya Kawai. Yara su ga cewa mutanen nan gardamar siyasa suke yi da baiti, da ƙafiya da ma'auni, ba da zagi ba. Mu'azu Haɗeja ma a 1958 ya rasu, shekara ɗaya da Sa'adu, shi ne mai Waƙar Giya da Tutocin Shehu. Sai Alhaji Aƙilu Aliyu, mutumin Jega, 1918 zuwa 1999. Fasaha Aƙiliya shi ne kundinsa, Ɗalhatu Muhammad ya tsara. Wannan kam ni a wurina babu wanda ya kai shi sarrafa harshe a cikin na boko, ko da za a yi mini ca.

Babarbare: A rubuta cewa Aƙilu a Maiduguri ya yi shekaru masu yawa kafin ya koma Kano. Ruwanmu ya sha.

Bazazzagi: Za a yi maka ca kuwa, Sha'iri. Ina ka ajiye Aliyu Namangi? Ina ka ajiye Sarkin Zazzau Aliyu ɗan Sidi, mai Tabarƙoƙo da Waƙar Diga, wanda Turawa suka tuɓe suka kai Lakwaja ya rasu a can? Sarki ne a kan gado yana yi wa masu mulki habaici a waƙa, su suna ji ba su gane ba.

Sha'irin Zaure: Namangi daban yake, shi ba a sa shi a layi. Amma sharaɗi ɗaya Malama: kada ki ba yara waƙarsa Imfiraji a takarda su karanta da ido kamar sanarwa. Rerawa ake yi. Mutumin makaho ne tun yana ƙarami, da kunne ya gina ta, da kunne kuma ake karɓarta.

Tsohon Hedimasta: Wannan gaskiya ne. Mu mun ji Imfiraji kafin mu san akwai wani mai suna Namangi. Da hantsi makaho zai tsaya a ƙofar zaure, hannunsa ɗaya a kafaɗar ɗan jagora, ɗaya riƙe da sanda da ƙoƙo. Shi ya ja baiti, yaron ya karɓa. Tsohuwarmu tana cikin daka sai ta tsai da taɓarya, ba za a aiko da tsabar ba sai ya kai ƙarshen baitin da ke maganar kabari, sannan ta share ido da bakin zane ta ce a kai masa. Da na je makaranta na ga abin a littafi, mamaki na yi wai ashe mutum ɗaya ne ya yi ta, kuma yana nan da rai a Zariya. Ya yi tsawon rai, an haife shi a 1894, sai 1990 ya rasu, kuma Jami'ar Ahmadu Bello ta ba shi digirin girmamawa. 'Yata, nemi wani dattijo a unguwarku da ya iya ta, ki gayyato shi ajin. Kuɗin mota da goro kawai zai ci miki.

Ɗan Zango: Salamu alaikum, gaisuwa daga Kumasi. Kullum in ana lissafi sai a tsaya a bakin iyaka, kamar mu nan ba mu rubuta komai ba. Malama, sa Alhaji Umaru na Karachi a jerinki. Bakano ne, an haife shi a 1858, ya biyo hanyar fataken goro har Salaga. Da yaƙin basasa ya watsa Salaga a 1892 sai ya koma Kete-Karachi, ya zama limami, ya koyar da ɗalibai da suka bazu a zangon ƙasar nan, ya rasu a 1934. Ya yi waƙa kan zuwan Nasara, yana lissafa garuruwan da suka ci ɗaya bayan ɗaya. Ya yi ta talauci da wadata, yadda ake wulaƙanta marar shi ko a cikin danginsa. Ya yi ta annobar murar 1918. Wani jami'in Jamus mai suna Mischlich ya zauna da shi, Alhaji Umaru ya rubuta masa labarin ƙasashen Hausa da sana'o'insu da al'adunsu da ajami, shafuka masu yawa, kuma da ƙarshe a Turai takardun suka tsaya. Wani masani ɗan Folan, Piłaszewicz, shi ya fitar da wasu daga ciki. Tsohon garin Karachi ma yanzu yana ƙarƙashin ruwan tafkin Volta tun da aka yi dam ɗin Akosombo.

Mai Shagon Littattafai: Bakano ne ka ce ko? Bazazzagi, ka ji masu tire.

Ɗan Damagaram: Tun da Ɗan Zango ya fasa iyaka bari mu ma mu shigo. Matsalarmu a Nijar ita ce manyanmu da Faransanci suka yi rubutu, shi ya sa ba ku san su ba, mu ma da yawa sai a lakwal, wato makarantar boko, muka ji sunansu. Boubou Hama, 1906 zuwa 1982, ba Bahaushe ba ne, mutumin yankin Tera ne, amma ba wanda ya yi wa tarihin ƙasar nan hidima kamarsa. Malamin makaranta ne da ya zama shugaban majalisar dokoki har zuwa juyin mulkin 1974, lokacin da sojoji suka tsare shi. Yana kan wannan kujera yana aika mutane gari-gari su sayo ko su kwafo tsofaffin takardun Larabci da ajami, su ne tushen taskar da ke cibiyar binciken IRSH a Yamai yau. André Salifou, ɗan Zinder da ya rasu a 2022, shi ya rubuta tarihin daular Damagaram ta ƙarni na 19 da na tawayen da Kawusan ya yi wa Faransawa. Djibo Hamani ya yi na Adar da na sarautar Agadas. Amma wanda zai fi shiga ran yara shi ne Abdoulaye Mamani, ɗan jam'iyyar Sawaba da ya sha gudun hijira da kurkuku, ya rubuta labarin Sarauniyar Lugu da ta tsaya wa rundunar Faransa ta Voulet da Chanoine a 1899. Littafin ya fito a 1980, Med Hondo ya mai da shi fim, fim ɗin ya ci babbar kyautar bikin finafinai na Wagadugu a 1987. Mamani ya rasu a hatsarin mota a 1993. Sai dai a gaya wa yara ƙagaggen labari ne da aka gina kan abin da ya faru, ba kundin tarihi ba.

Anti Marubuciya: Na karanta duk abin da aka rubuta tun daga sama. Mace ɗaya aka ambata a cikin marubuta, ita ma sai da ta zama 'yar Shehu. To ga nawa. Hajiya Hafsatu Abdulwahid, So Aljannar Duniya, 1980, daga gasar kamfanin NNPC ya fito, kuma shi ake ɗauka a matsayin ƙagaggen littafin Hausa na farko da mace ta wallafa. Hajiya Balaraba Ramat Yakubu, ƙanwar Janar Murtala, an cire ta daga makaranta aka yi mata aure tana ƙarama, daga baya ta koma ta nemi ilminta da kanta, ta rubuta Budurwar Zuciya da Wa Zai Auri Jahila da Alhaki Kuykuyo Ne, wannan na ƙarshen har an fassara shi da Turanci an buga a Indiya a 2012. A waƙa akwai Hauwa Gwaram da Hajiya 'Yar Shehu, an tara nasu a Alƙalami a Hannun Mata. Sannan akwai wadda ba ta taɓa riƙe alƙalami ba amma ta bar mana tarihin da babu irinsa, Baba ta Karo. Tsohuwa ce da ta zauna da wata Baturiya, Mary Smith, a ƙasar Zazzau a 1949 da 1950 ta ba ta labarin rayuwarta: harin bayi, aure-aurenta, kishi, ƙawance, goyon 'ya'yan wasu, zuwan Turawa yadda matan cikin gida suka gan shi. Ta rasu a 1951, littafin ya fito a 1954, ba ta gan shi ba. Duk tarihin sarakunan da kuke ji da shi ba zai gaya muku me ake dafawa ranar suna ba, ita ta faɗa.

Tsohon Hedimasta: Baba ta Karo na yarda. Amma littattafan soyayyar nan na kasuwar Kano, a ajin yara? Ni dai da sauran shakka.

Anti Marubuciya: Baba, da girmanka, Wa Zai Auri Jahila maganar karatun 'ya mace yake yi da auren dole, abin da wasu 'yan ajin Malama ke kwana da fargabarsa. Kuma matan aure nawa ne suka koyi karatun boko don kawai su karanta irin waɗannan littattafai da kansu? Yaƙi da jahilci bai yi rabin abin da suka yi ba. A zaɓa dai, ba duka aka zama ɗaya ba, amma kada a rufe ƙofa.

Tsohon Hedimasta: To, Malama ta fara karantawa ita kaɗai tukuna. Ban sauka daga kan wannan ba.

Ɗalibin Tarihi: Kafin a tashi, masana tarihin zamani fa? Tarihin Kano da ake ta jingina da shi, wanda ya faro daga Bagauda, ba a rubuta sunan mai shi a jiki ba. Baturen mulki Palmer ya fassara shi da Turanci a 1908, Hausarsa kuma tana cikin Labarun Hausawa da Maƙwabtansu. Sai Kano ta Dabo Cigari na Alhaji Abubakar Dokaji, yara za su iya da shi. Amma mutumin da nake so su sani shi ne Dakta Yusufu Bala Usman. Ɗan gidan sarautar Katsina ne, an haife shi a Musawa a 1945, ya zaɓi aji da alli da faɗa da masu mulki har ya rasu a 2005. Da ya zo rubuta tarihin Katsina daga 1400 zuwa 1883 bai zauna a laburare kawai ba, ƙasar ya bi gari-gari har cikin Nijar yana tambayar tsofaffi, yana kuma tuhumar abin da Turawa irin su Barth suka rubuta maimakon ya haɗiye shi. Ya ƙi yarda a taƙaita tarihinmu a kan Haɓe da Fulani, ya ce a dubi garuruwa da sana'a da fatauci da ƙaura. A kwamitin tsara tsarin mulki na 1976 shi da Segun Osoba suka ƙi sa hannu, suka rubuta nasu rahoton daban. Malaminsa Abdullahi Smith, Baturen Ingila da ya musulunta ya kafa Gidan Arewa a Kaduna a 1970, ya nuna cewa labarin Bayajidda ba zai iya zama bayanin kafuwar ƙasashen Hausa ba, don birane sun girmi labarin. A ƙara da Mahdi Adamu da littafinsa na 1978 kan bazuwar Hausawa a Afirka ta Yamma, Ɗan Zango zai ga kakanninsa a ciki.

Bazazzagi: Kai yaro, so kake Malama ta shiga aji ta ce babu Bayajidda, iyaye su zo da sanda? Rijiyar Kusugu tana nan a Daura, na leƙa ta da idona.

Ɗalibin Tarihi: Yaya, ba wanda ya ce a cike rijiya. A ba su labarin yadda kaka ke ba da shi, sannan a tambaye su: wa ya fara rubuta shi, yaushe, wa yake amfana da shi? Ɗan aji biyar ya isa wannan tambayar.

Malamar Hausa: Allah ya saka da alheri, na cika shafi huɗu. Ga yadda na yanke, Baba a yi haƙuri: Nana Asma'u ce farko, saboda 'yan matan sun fi yawa kuma ina da wadda za ta rera mana, kakar ɗaya daga cikinsu. Sai Imam, sai Sa'adu da Mudi a zama ɗaya. Alhaji Umaru da Sarauniya zan haɗa su ranar da zan shigo da taswira. Bala Usman sai zango na biyu, in na ga ƙarfin yaran. Mai Shago, a ajiye mini Hausa a Rubuce da na Malam Aminu in akwai, zan aiko ƙanena ranar Asabar.

Mai Shagon Littattafai: Na farkon akwai, mai ƙugiya. Na Malam Aminu ya yi wuya yanzu, amma zan tambaya a Kurmi da wajen masu tsofaffin littattafai na Sabon Gari.

Tsohon Hedimasta: In bai samu ba ina da shi, har da na Mora. Aro ne fa ba kyauta ba, kuma ba a naɗe mini kunnen shafi. Ki sa yaro mai kyan hannu ya kwafe abin da kuke so.

Ɗan Zango: Baba, in za a kwafa a ɗauki hoton shafukan a turo nan zaure, mu ma muna da makarantar dare a zango.

Tsohon Hedimasta: Sai jikata ta dawo daga islamiyya, ita ta san inda ake latsawa.